Zoɓo ko kunun aya: wanne ya dace da abincin walima?

Tambaya: Assalamu alaikum. Za mu yi walimar auren ƙanwata a Zariya. An tsara waina da miyar taushe, soyayyar kaza, tsire, da farfesun kayan ciki. Yayata ta ce kunun aya kaɗai ya isa, ni kuma ina ganin zoɓo ya fi. Wanne za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ku yi duka biyun, domin kowanne da abincin da yake yi wa aiki.

Aikin abin sha a kan tebur shi ne ya gyara baki tsakanin loma da loma. Ki lura da tsire idan ya fara hucewa: kitse yakan kwanta a harshe da ganɗa, ƙuli-ƙuli ya busar da maƙogwaro, kafin tsinke na uku mutum ya daina jin daɗin naman. Kurɓi ɗaya na zoɓo mai sanyi, tsaminsa da ɗan baurinsa sai su wanke wannan maiƙo, baki ya koma sabo. Mutanen Faransa da Italiya da ke cin abinci da giyar inabi a kan wannan ƙa'ida suke: ja mai bauri ga jan nama, fara mai tsami ga kifi. Mu Allah ya hutar da mu, soɓorodo yana yi mana wannan aikin ba tare da maye ba. Don haka tsire da soyayyar kaza na zoɓo ne, a nan ke ce da gaskiya.

Roƙona ɗaya, kada a kashe shi da sukari. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga zoɓon biki ya zama kamar ruwan alewa, an danne tsamin da saboda shi aka kawo shi. A sa ɓawon abarba da kanumfari kaɗan, a ɗanɗana kafin a ƙara zaƙi.

Farfesu kuwa na yayarki ne. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, mai da madara ne ke ɗauke shi. Shi ya sa wanda yaji ya kama zai shanye kofin ruwa bakinsa na ci gaba da raɗaɗi, lemon kwalba mai gas kuma ƙara tsananta abin yake yi. Kunun aya yana da ɗan maiƙo da zaƙin dabino, yana kwantar da zafin, kindirmo ma ya fi shi. Zoɓon da aka cika wa citta kada ya kusanci farfesu, zafi ne kan zafi.

Waina da taushe abinci ne mai nauyi, ga kabewa ga gyaɗa. Kunun aya a kansa sai ciki ya cushe. Ruwan tsamiya marar kauri ko ruwan sanyi zalla ya wadatar.

Sai maganar ajiya. Kunun aya ba ya jimiri, cikin 'yan awoyi yake tsami a lokacin zafi. A markaɗa shi da safiyar ranar, a zuba a robobi, a binne su cikin ƙanƙara, a riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan. Zoɓo ana iya dafa shi tun daren jajibirin walimar a sa a firiji.

Idan za a zagaya da shayi a ƙarshe, masu juna biyu da masu ƙarancin jini su jinkirta kamar awa ɗaya bayan cin abinci, saboda ganyen shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abin da aka ci.