Zan saka shafina a gwanjo, nawa zan sa masa?

Tambaya: Salam malam. Ina da shafin intanet da nake sharhin wayoyi, shekara uku kenan, yana kawo min kamar dala 300 a wata daga tallan AdSense na Google da ɗan kamasho na Amazon. Na gaji wallahi, ina so in saka shi gwanjo a Flippa, kasuwar intanet da ake sayar da shafuka. Abokina ya ce in sa dala 30,000 tunda na sha wuya a kai. Ya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana sonka amma da alama bai taɓa sayen shafi ba. Mai saye ba ruwansa da daren da ka raba kana rubutu, ribar wata yake dubawa sai ya ninka ta, kuma shafuka irin naka yawanci ana lissafa su ne a kan ribar wata ɗaya sau 25 zuwa 40, riba fa nake nufi ba duk abin da ya shigo ba, wato sai ka cire kuɗin hostin (hayar wurin ajiye shafin) da na domen (sunan adireshin shafin) da abin da kake biyan masu taya ka rubutu. A ce bayan cirewa dala 250 ta rage, ka ninka sau 30, ka ga 7,500 kenan. Nan wajen za ka sa ranka. Kuma ba watan da ya fi kawo kuɗi za ka ɗauka ba, watanni 12 za ka haɗa ka raba, don masu saye sun san wannan dabarar tun kafin kai.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne hujja. Sikirinshot kowa na iya gyara shi, saboda haka ka haɗa Google Analytics ɗinka, manhajar ƙirga maziyarta, da tallan shafin da za ka saka a Flippa don a ga adadin maziyarta kai tsaye. Kuma za su tambaye ka daga ina mutanen suke zuwa, in kusan duka daga binciken Google ne to gabansu zai faɗi, don sauyin da Google ya yi a Satumbar 2023 ya kwantar da shafukan sharhi da yawa, wanda ya ga haka ba zai zuba kuɗi ido rufe ba. In kana da jerin imel na masu bibiya ko tasha a YouTube, ka faɗa da babbar murya.

Wajen gwanjon kansa, ka fara da farashi ƙasa-ƙasa don mutane su shigo su taya, amma ka ajiye farashin da in ba a kai shi ba albarka, ba ka sallama ba. Kar ka sa shi a sama sosai, gwanjon da ba mai tayawa kunya ce kawai, ga kuɗin saka talla ya tafi. In kuma an sayar akwai la'adar kasuwar, ka lissafa da ita tun yanzu. Dan Allah kar ka sa abokai su riƙa tayin ƙarya don farashi ya hau, rufe asusunka za a yi. Sannan ka faɗa wa mai saye cewa asusun AdSense ba a miƙa wa wani, nasa zai buɗe ya saka.

Tambaya daga wata 'yar'uwa: Malam wani da ya taya shafina ya biyo ni ta gefe, wai mu bar kasuwar mu gama tsakaninmu, zai turo ta PayPal har da ƙari, ni kuma in ba shi domen ɗin yau. In yarda?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kar ki yarda. La'adar da yake nuna miki za ki tsira da ita ba ta kai shafin gaba ɗaya ba. A PayPal mai saye na da kwana 180 da zai iya shigar da ƙorafi, in aka janye kuɗin domen ya riga ya bar hannunki, wa za ki kama? Ki ce masa sai ta escrow, wato riƙon amanar kuɗi, ko dai a Escrow.com ko a tsarin da kasuwar ta tanada. Shi zai fara zuba kuɗin a can, su tabbatar miki ya shiga, ki shiga asusun da kanki ki gani kar ki yarda da imel kawai don ana haɗa na bogi, sannan ki miƙa fayiloli da domen, ya duba na 'yan kwanakin da kuka amince, a sakar miki kuɗinki. Ki kuma duba ko domen ɗin ya cika kwana 60 da rajista ko da canjin kamfanin rajistarsa, in bai cika ba galibi ba zai fita zuwa wani kamfanin ba, sai dai ki tura masa cikin kamfani ɗaya. In ya ce escrow ɓata lokaci ne, ki rabu da shi.

Tambaya: Nawa shafin ba ya kawo ko sisi, sunan ne dai mai daɗi. Zai sayu?

Amsa: To sunan za ka sayar, ba shafin ba. Dillalai irin Empire Flippers sai sun ga riba suke karɓa. Ka gwada kasuwannin sayar da domen irin Sedo ko GoDaddy Auctions, ka sa farashi mai sauƙi, kuma ka shirya jira don yana iya yin watanni ba wanda ya taya.