Hoton gida na kwamfuta: ya isa a fara gini da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a Rigachikun, kuma mai zanen gini ya nuna mini gidan a kwamfuta kamar an gama shi, har da fenti da fitilu. Ya ce sai na ƙara kuɗi kafin ya ba ni. Shin hoton yana da amfani, kuma zan iya miƙa wa magini ya fara aiki da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a kammala lafiya. Hoton yana da amfani ƙwarai, amma ba da shi ake gini ba.

Abin da ka gani shi ake kira 3D. Mai zane yakan tsara taswira a manhaja irin AutoCAD ko Revit ko SketchUp, ya tayar da bango da rufi, sannan wata manhajar kamar Lumion ta zuba haske da launi. Magini kuwa taswira mai awo yake buƙata: faɗin ɗakuna, kaurin bango, zurfin fandesho, da yawan rodin da injiniya ya ƙayyade. Ita ce kuma za ka kai wa hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, wato KASUPDA, don neman izinin gini.

Ni a ganina ka biya, in kana da hali, domin gyara a kwamfuta ya fi rusa bango arha nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka tsaya kallon kyan fenti. Ka zauna da mai zanen, ka ce ya tsayar da kai a bakin ƙofa a cikin hoton kamar baƙo. Daga falon baƙi ana hango cikin gida? Wanda ya fito alwala zai ratsa ta gaban ɗakin iyali? Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin mutane da yawa ba sa gane shi a takarda sai bayan an tare. Ka sa uwargida ma ta duba kicin da wurin shanya, ita ta san zirga-zirgarsu.

Sannan ka nemi ya sa wa hoton hasken rana irin na ƙarfe huɗu na yamma a watan Maris. Manhajar tana iya nuna inda inuwa za ta faɗa. Ɗakin kwanan da tagarsa ke kallon yamma babu rumfa, a zafin Kaduna, zai gasa ku har tsakar dare. Ka tambayi ta inda ruwan rufi zai sauka a Agusta.

Ka yi hattara kuma: akan buɗe idon kyamarar da ke cikin manhajar sosai har ƙaramin ɗaki ya zama kamar fili. Ka ce a sa gado da kujeru masu ainihin girma a ciki. Tayil da ƙofofin da ke hoton ma, ka tabbatar ana samunsu a kasuwa kuma aljihunka zai ɗauka. Kafin ka biya, ka bincika ko mai zanen yana da rajista da hukumar ARCON mai yi wa masu zanen gini rajista a Najeriya, ku kuma rubuta sau nawa zai yi maka gyara cikin kuɗin.