Barewar da ƙahonta ke rassa kamar bishiya

Malam, ka tambaya ko barewar da ka gani tana iyo a bidiyo irin ta dajin Falgore ce. A'a, milu ce, 'yar ƙasar Sin. Tamu ƙahonta ba ya faɗuwa, ita kuwa namijin duk shekara yake zubar da nasa, sabo ya tsiro. Fadama take so, kofatonta faffaɗa ne, ba ta nutsewa a taɓo, ga jela kamar ta jaki.

A 1900 ta ƙare ƙarƙaf a Sin, ambaliya da yaƙi suka cinye ta. 'Yan tsirarun da aka tara a gandun Woburn na Ingila su suka hayayyafa, har aka mayar da wasu Beijin a 1985. Da a hannun mafarautanmu suka faɗa, ai da tuni an sha romo.