Ruwan ɗakin amarya, wuyan wa ya hau?

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce iyayen yarinya sun sa mashin ɗin wanki cikin kayan ɗaki, kana tambaya a al'ada wa ke jawo mishi ruwa, kai ko su, kuma plombiye ya ce ka sayo teflon, wato siririn farin tef ɗin da ake naɗa ma zaren robine, da yawa a naɗe ko'ina.

To ruwa na miji ne, tun can haka muka taras. Lokacin da na auri innarka a Bagalam randa da tulu daga gidansu suka zo amma cika su wuyana ne, ni ke biyan mai ga-ruwa. Mata su zo su yi jere su tahi, ba a taɓa jin an ce ma surukai ku zo ku biya tiyo ba, abin kunya ne wallahi. Mashin nasu, robine da tiyo naka, kuma ka gama kahin ranar jere kar mata su zo su iske mai aiki yana fasa bango.

Maganar teflon kuwa nan nake son ka buɗe kunne. Rakor ɗin nan, wato mahaɗin tiyo, mai goron ƙarhe da ake ɗaurewa da ɗan zoben tagulla a ciki, ba zaren goron ke tare ruwa ba, zoben ne, in ka ɗaure goro sai ya matse zoben ya cije tiyo. In ka cika zaren da teflon goron ba ya isa inda ya kamata, ka ga kamar ya ɗauru alhali zoben bai kama ba. A yanke tiyo daidai ba a karkace ba, a tura shi har ƙarshe, a ɗaure da hannu, sannan kile biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya kamar zagaye guda. In ya ɗiga a ƙara kaɗan. Ni wani yaro ya taɓa ɗaure min har yana nishi, zoben ya lotse, ruwa ya dawo cikin dare da ƙarhi muna barci, da asuba na taka ƙafata cikin ruwa har buhun hatsi biyu sun jiƙe. Kuma zoben da ya riga ya cije ba a mai da shi ga wani tiyo, sabo ake sa.

Tiyon mashin shi ma ba ya son teflon, awon bakinshi 20/27 ne, da ɗan roba baƙi a ciki, shi ke aikin, hannu ya isa. Teflon na zaren robine ne inda ya shiga bango.

In ka je babbar kasuwa kar araha ta ja ka, nemi tiyo mai saƙar ƙarhe a jiki, ka auna tsawo da ɗan rara don kar ya lanƙwashe bayan mashin. Na roba zalla in rana ta watan Afrilu ta same shi a tsakar gida sai ya bushe ya tsage, ko mai kyau ne bayan shekara 5 a sake shi. Ka sa ƙaramin robine na mashin shi kaɗai, amarya ta riƙa ruhewa in ta gama, ta kuma riƙa wanke 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa don yashi na toshe ta.

Ka gaida babanka, ka ce mishi goron ɗaurin aure ina jira.