Dila ya ce waranti ba zai biya gyaran injin GR86 ɗina ba, in sa hannu su buɗe ko in ɗauke motata?

Tambaya: Salam malam. Ina zaune a Houston, ina da Toyota GR86 ta 2022 da na saya sabuwa, ba ta kai mil 40,000 ba. Injin ya fara wata ƙara ƙwas-ƙwas daga ƙasa, na kai wa dila sai mai karɓar motoci ya ce sun ga na canza salansa, kuma ba a wajensu nake juye ba, wai tayoyin ma sun nuna na shiga filin tsere (gaskiya na taɓa shiga amma ba gasa ba). Yanzu sun ce in sa hannu a buɗe injin, in kamfani ya ƙi biya kuɗin buɗewar a kaina yake. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai kada ka sake tayar da motar nan, in ƙarar daga ƙasa take to alama ce injin na shirin bugawa, kowane minti da ya yi yana aiki ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In ma za ka canza wuri a ɗauke ta a kan motar ja.

Shi wancan mutumin da ke bayan kanta ba shi ke yanke hukuncin waranti ba. Dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, sunan Toyota kawai ya rataya a ƙofa, in ya yi gyaran waranti sai ya tura takardu a biya shi, in aka ƙi biya asara ta hau kansa, shi ya sa da sun ga mota mai ƙofa biyu a hannun matashi suke fara neman hanyar zamewa tun kafin su ɗaga bonet. A Texas ma akwai wani mataki a tsakiya, Gulf States Toyota, su ke raba motocin Toyota a jihohi 5 na yankin kuma nan Houston ɗinku hedikwatarsu take. Kenan maganarka ba ta ƙare a hannun dila ba.

Warantin gaba ɗaya na shekara 3 ko mil 36,000 ya wuce ka, amma na injin da giya shekara 5 ne ko mil 60,000, kana ciki muddin motar ba ta cika shekara 5 da saye ba.

Maganar juye a waje kuwa, wannan barazana ce kawai. Akwai dokar tarayya a Amurka tun 1975, Magnuson-Moss, ta hana kamfani ya ɗaure waranti da sharaɗin sai a wajensa za ka yi sabis ko sai kayansa za ka sa, sai dai in kyauta yake ba ka su. Abin da za su iya tambaya shi ne shaidar ka yi juyen a kan lokaci da man da ya dace, 0W-20 da littafin motar ya ce. To a nan mutanenmu ke faɗuwa, a yi juye a gareji a biya a tafi, rasit ya shige aljihun wando ya tafi wanki. Ka koma garejin da kake zuwa su buga maka tarihin motar daga kwamfutarsu, kwanan wata da mil da irin mai da filta. In da kanka kake yi, ka tono rasit ɗin sayen man a imel ko a bayanan katin banki.

Salansa ma haka, dokar ta ce sai sun nuna abin da ka canza shi ya jawo lalacewar. In bututun baya kawai ka canza don ƙara, ni dai ban ga ta yadda zai hana baƙin mai zagayawa a injin ba, kuma su ma sun sani. Inda zan tambaye ka tsakani da Allah shi ne, ka taɓa kwamfutar motar? In an yi mata tunin an ƙara ƙarfi, ko da ka mayar da ita yadda take kafin ka kai, akan ga alamar an sake rubuta ta, kuma a nan hujjarsu ta yi ƙarfi sosai. In ka yi, kada ka musa, ƙarya ɗaya in suka kama ta sauran gaskiyarka ma ta zube.

Filin tsere shi ne wurin da abin ya fi ban dariya, domin ita Toyota da kanta take ba mai sayen GR86 sabuwa rajistar shekara ɗaya a ƙungiyar masu wasan motoci ta National Auto Sport Association har da ranar koyon tuƙi ɗaya kyauta a fili. A 2022 an yi irin wannan rigimar, wani mai GR86 injinsa ya buga aka hana shi waranti bayan an ga hotunan motar tana wasan kwana a soshiyal midiya, magana ta bazu a intanet, daga baya kamfanin ya janye ya biya gyaran, ya kuma bayyana cewa shiga irin waɗannan ranakun shi kaɗai ba ya kashe waranti, ɓarnar da gasa ko wulaƙanta mota ta jawo ce ba sa biya. Ba yau aka fara ba, masu Nissan GT-R na farko wajen 2009 sun sha irinta a kan giya saboda tsarin tashi da ƙarfi da motar ta zo da shi daga masana'anta.

Kuma wannan injin naka, FA24 mai lita 2.4, na Subaru ne, a masana'antarsu ta Gunma a Japan ake haɗa motar. Masu ita da yawa da suka sauke kaskon ƙasan injin sun tarar da guntayen gam ɗin da ake liƙe kaskon da shi sun taru a rariyar bututun da ke zuƙo mai. Ana ta gardama ko shi kaɗai ke kashe injin, wasu na cewa man ne ke gudu gefe ɗaya a doguwar kwanar dama, amma dole a duba shi a motarka.

Shi ya sa ban yarda ka sa hannu a kan "buɗe injin" haka a dunƙule ba. Neman sa hannun kansa ba cuta ba ce, haka ake yi ko'ina, amma ka ce a rubuta mataki na farko kawai, a sauke kasko, a duba rariyar, a yanka filta a ga ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli a cikin takardarta, da kuɗin wannan aikin a rubuce, kuma ba za a wuce nan ba sai an kira ka. Ka ce kana so ka gani da idonka ko a ɗauka maka hoto tun kafin a goge komai, kuma a ajiye duk abin da aka cire. Ka ɗebi man kaɗan a kwalba mai tsabta ka aika wa masu gwaji irin Blackstone, ba tsada, sakamakon zai nuna irin man da ke ciki da ƙarfen da ya ci.

A ranar kuma ka kira ofishin kwastoma na Toyota ka buɗe kes ka karɓi lamba, ka nemi wakilin yanki ya zo ya duba. In an ƙi, a ba ka ƙin a rubuce da dalilinsa, yawanci a nan murya ke canzawa don faɗa da baki ya fi sa hannu sauƙi. Bayan nan akwai sasanci kyauta ta National Center for Dispute Settlement, yana cikin littafin warantinka. Dokar mayar da mota mai matsala ta Texas kam kada ka sa rai, tana duba wata 24 ko mil 24,000 na farko ne.

In ka ga wannan dilan ya riga ya yanke hukunci a ransa, waranti na aiki a kowane dilan Toyota a ƙasar, ka tambayi masu GR86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ na garinku wane ne ke da makaniken da ya saba da injin Subaru. Sai dai ka sani abin da dila na farko ya rubuta a kan lambar motarka, dila na biyu zai iya gani, don haka ka karɓi kwafin takardar aikin kafin motar jan ta iso, ka kuma ɗauki hoton mil ɗin da ke kan mita.