Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan sayar da USDT ba tare da lasisi ba

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kana da 'yan USDT, wato kuɗin intanet (kirifto) da darajarsa ke bin dalar Amurka, da kake sayar wa abokai da 'yan kasuwa hannu da hannu, su turo maka naira, kana so ka sani ko hukuma za ta iya kama ka tunda ba ka da lasisi. Ina cikin harkar nan tun 2020, kuma na taɓa ɗanɗana kuɗarta, shi ya sa na ga ya dace in yi maka bayani dalla-dalla.

Mallakar kirifto ba laifi ba ne a Najeriya. Takardar da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar ranar 5 ga Fabrairu 2021, wadda har yau wasu ke kafa hujja da ita, bankuna ta hana hulɗa da harkar, kuma a Disamba 2023 CBN ya janye wannan haramcin. A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, ISA 2025, wadda ta sanya kadarorin intanet irin su kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Wato yanzu gwamnati ta san da harkar, ta kuma ce duk mai yin ta a matsayin sana'a ga jama'a sai ya yi rajista.

A nan gizo ke saƙar. Wanda aka biya shi ladan aiki da USDT, ko ya saya ya ajiye, wata rana ya sayar wa abokinsa ya biya kuɗin makaranta, kayansa ya sayar. Amma wanda kullum yake saka farashi a WhatsApp, yana saye a hannun wannan yana sayar wa wancan, yana cin ribar tsakani, wannan ya zama ɗan canji, ko da bai taɓa zama a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ba. Idon hukuma a kan na biyun yake. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, a wane ɓangare kake?

Abin da ya faru a 2024 ya isa misali. Da naira ta yi ta faɗuwa, gwamnati ta ɗora alhaki kan cinikin P2P, wato cinikin kirifto kai tsaye tsakanin mutum da mutum. A Fabrairu aka tsare jami'ai biyu na Binance, wani babban dandalin cinikin kirifto, a Abuja, a Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira. A Afrilu kotu ta ba EFCC izinin rufe asusun banki sama da 1,000 bisa zargin canjin kuɗi ba bisa ƙa'ida ba da halatta kuɗin haram. A watan Agusta kuma SEC ta ba dandalan cinikin kirifto biyu, Busha da Quidax, amincewar farko. Sharuɗɗan rajistar na kamfanoni ne masu jari mai kauri, ba na mai waya ɗaya a ɗaki ba.

Ni kuwa ba maganar lasisi ce ta kayar da ni ba. Na sayar wa wani da ban taɓa gani ba USDT, kuɗin suka shigo daga asusu mai wani suna dabam, ya ce na yayarsa ne. Na saki kayan. Bayan kwana tara na je cirar kuɗi a POS, aka ce asusuna a rufe yake. Ashe wata baiwar Allah aka damfara, ɓarawon ya sa ta turo kai tsaye zuwa wurina, ya karɓi USDT ya yi layar zana. A takardar banki sunana ne ya ci kuɗin. Na yi wata biyu ina zarya tsakanin banki da ofishin 'yan sanda, jarina gaba ɗaya a kulle, ga iyali. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne ban goge hirarmu ba, kuma ina da lambar shaidar turawar. Duk da haka sai da na mayar da kuɗin matar daga aljihuna, kuma ban ga laifinta ba, ita ma zaluntarta aka yi.

Tun daga ranar, ba na karɓar kuɗi sai daga asusun da sunansa ya yi daidai da katin shaidar mai saye. In ya ce na matarsa ne ko na maigidansa, ciniki ya mutu. Asusun harka dabam, na cefanen gida dabam. Kuma kada ka yarda da masu cewa a yi da tsabar kuɗi don kauce wa banki: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ka kuma sani tun dokar kuɗi ta 2023 ribar sayar da kirifto ta shiga cikin abin da ake biya wa haraji.

Idan naka kake sayarwa jefi-jefi, ka bi ta dandalin da SEC ta amince da shi, ko da farashin ya ɗan gaza na kasuwar bayan fage. Idan kuma cinikin ya kai kullum kuɗin mutane na shiga suna fita a asusunka, ka dakata haka, ka kwashi bayanan asusun na wata shida ka kai wa lauyan da ya san dokokin SEC, ya duba kafin ka sake karɓar ko sisi.