Manhajar sola ta ce mun rage tan 12 na kabon, in yarda da ita?

Tambaya: Malam, shekara guda ke nan da ofishinmu ya kafa sola mai kilowat 10 a kan rufi. Manhajar inbata (na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda kayan ofis ke amfani da ita) da ke wayata ta nuna mun samu yunit 15,000 na wuta, mun kuma rage kusan tan 12 na iskar kabon. Shugabanmu yana so in sa adadin a rahoton shekara. In sa shi haka?

Amsa: Malama, ki dakata tukuna. Yunit 15,000 ɗin abin yarda ne, domin inbata tana auna wutar da ta bi ta cikinta, kuma a wuri mai rana sosai kilowat ɗaya kan ba da kimanin yunit 1,500 a shekara. Amma babu wata na'ura a rufinku da ke auna hayaƙi. Manhajar tana ninka yunit ɗin ne da wani adadi da aka sa mata tun daga kamfani, kuma ba lallai ya dace da wutar da kuke sha ba.

Abin da za ki fara bincika shi ne wace wuta sola ta maye gurbinta. A rahoton 2014 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, yunit ɗaya na wutar kwal yana jawo kimanin giram 820 na kabon, na gas giram 490, na solar rufi kuwa giram 41, wanda akasarinsa daga ƙera faifan sola yake fitowa. Idan kin lissafa, tan 12 ɗin nan lissafin kwal ne. In da gas tashoshin da ke ba ku wuta ke aiki, abin zai sauko kusan tan 7. Ofishin da ke Faransa, inda yawancin wuta daga nukiliya take, ko Norway mai dogaro da madatsun ruwa, ragin da zai samu kaɗan ne ƙwarai.

In kuwa janareta kuka huta da kunnawa, lissafin ya fi sauƙi, ya kuma fi inganci. Kowace litar dizal da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon, ta fetur kusan kilo 2.3. Ki ɗauko rasit ɗin mai na shekarar da ta gabaci sola da na wannan shekarar, ki cire, ki ninka. Ni dai wannan adadin na fi amincewa da shi, domin duk wanda ya tambaya za ki iya ajiye masa takarda a gabansa.

Sai maganar ranakun hutu. Ofis da sola sun dace da juna, tunda lokacin da rana ta take, lokacin ne kwamfutoci da na'urorin sanyaya ɗaki ke aiki. Amma kwana biyu cikin bakwai ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na mako. In kuna tura rarar wutar zuwa babban layin kamfanin lantarki, wasu sun amfana, ragin ya tabbata. In ba ku turawa, da batir ya cika inbata kan rage ja daga faifan. Ki duba manhajar da kyau ko yunit ɗin da ta nuna na wutar da aka samar ne ko na wadda ofis ya sha.

Tambaya: Wutarmu ta fi raguwa a lokacin zafi. Faifan ne suka lalace?

Amsa: Da wuya, Malama. Faifan sola haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari ga kowane digiri da jikinsa ya haura 25 a ma'aunin Celsius. Shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da rufi don iska ta ratsa. Ƙura ma tana tare haske, don haka a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Tsufa kan rage kimanin kashi 0.5 cikin ɗari ne kawai a shekara. In kin ga faɗuwa babba farat ɗaya, a duba inuwa da mahaɗar wayoyi, kuma ƙwararre ne zai taɓa su, domin wutar da ke cikinsu tana kisa.